Kwanakin Korona A Bukoki: Abin Da Wani Dattijo Ya Rubuta Cikin Littafinsa

A unguwar Bukoki, cikin birnin Yamai, akwai wani dattijo mai ɗan littafi irin na ƴan lakwal, wanda yake ajewa ƙarƙashin matashin kansa. Katinsa na ɗan ƙasa ya ce an haife shi "wajen 1947", domin a ƙauyensu na ƙasar Arewa, kusa da Dogon Dutsi, ba a rubuta ranar haihuwa a wancan zamani. Yunwar 1973 ce ta koro shi Yamai. Ya yi dako a Babbar Kasuwa, ya yi gadi, daga baya ya samu aikin kai takardu a wata ma'aikatar gwamnati, har ƙarfi ya ƙare ya aje aiki. Bai yi karatun boko da ƙuruciya ba. A ajin dare na yaƙi da jahilci ya koyi baƙi da wasali, yana da mata da ƴaƴa biyu, kuma tun daga nan ya kama al'adar rubuta abin da ya same shi: kuɗin buhun hatsi, ranar suna, ranar saukar ruwan farko. Shafukan shekarar 2020 sun fi na kowace shekara cika.

Ran Talata 17 ga watan Maris na 2020 shugaban ƙasa na lokacin, Isufu Mahamadu, ya yi ma ƴan ƙasa jawabi. Ya ba da sanarwar rufe filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram, da iyakokin ƙasa, da makarantu, tare da hana taron da ya wuce mutum 50. Dattijon ya saurari fassarar jawabin a Muryar Sahel, ya jawo littafinsa ya rubuta layi biyu: "An ce ciwo ya taso daga Sin. An kori yara daga lakwal." Kwana biyu bayan haka, ran 19 ga wata, aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu a Nijar, wani magidanci mai shekara 36 da ya dawo daga tafiya ta Lome, Akara, Abijan da Wagadugu.

Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne yadda gidansa ya juya a kansa. Likitoci sun bayyana cewa wannan ciwo, korona, ya fi yin ɓarna ga tsofaffi da masu hawan jini da masu ciwon suga. A ƙasar da wajen rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, tsoho abu ne mai ƙaranci, sai ga shi an ce shi ne annoba ke nema. Nan da nan ƴaƴa da jikoki suka mai da shi ƙwai. Wanda shekara arba'in shi ke cewa a yi, a bari, yanzu jikarsa ƴar shekara goma sha huɗu ke tsayawa bakin zaure tana tambayarsa inda za shi. Yakan ce mata: "Amarya, tun ba a ɗaura ba kin fara kulle ni?" Ita kuwa ta ce: "Kaka, mushenmu ya ce ku ne ba a so ku fita."

Gaisuwa ce ta fara kunyata shi. Wata safiya ya gamu da ɗan maƙwabcinsa, ma'aikacin lafiya, yaron da aka raɗa ma suna a gabansa. Ya miƙa hannu biyu yadda ya saba, sai yaron ya ja da baya, ya dafe ƙirji ya rusuna. Hannun dattijo ya tsaya cikin iska, mutane na kallo. Ya rasa yadda zai yi da shi, sai ya kai shi kan hula kamar dā ma gyara ta ya yi niyya. Ya yini yana fushi. Da dare ya rubuta: "Yaro ya ƙi hannuna. An ce don lafiyata ne."

Tafiyar mako guda

Ran Alhamis 26 ga Maris uwargidansa ta shiga mota zuwa ƙauye, wajen sunan jikar ƙanwarta. Mako guda ta ce za ta yi. Kashegari shugaban ƙasa ya sake jawabi: an kafa dokar ta-ɓaci ta fannin lafiya, an hana fita a Yamai daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, kuma daga 29 ga wata an killace birnin, ba shiga ba fita. Cikin jawabin aka ce gwamnati ta ɗauke ma masu ƙaramin ƙarfi kuɗin ruwa da na lantarki na watan Afrilu da Mayu, aka kuma yi ma fursuna 1540 afuwa domin rage cunkoso a gidajen kaso. Dattijon bai ji sauran da kyau ba. Hankalinsa ya tsaya ga kalma guda, killacewa, domin tsohuwa tana can bayan shingen.

A nan ne ya gano cewa bai san gidansa ba. Kwana uku da tafiyarta mata suka fara sallama. Wannan ta zo karɓar zubin adashi, waccan ta kawo dala arba'in ta ce cikon kuɗin daddawa ne, wata ta ce uwargida ta yi mata alkawarin tiya biyu ta gero har ƙarshen wata. Shi ya san matarsa na sayar da daddawa da ƙuli-ƙuli, amma ya ɗauka abin sayen goro ne. Ya kira ta a salula. Sai da ta hau tudun bayan gari inda magana ke fita, sa'an nan ta shiga jero mashi masu bin ta da waɗanda take bi, gida gida, da kwanan watan biya, shi kuwa yana rubutawa har shafi uku suka cika. Ba ta taɓa shiga aji ba, kuma da ya tara lissafin ya gwada da abin da matan suka faɗa, ko dala ba ta ɓace ba. Ya daɗe yana duban shafukan nan. Shekara da shekaru yana yi mata gori cewa shi ne mai ilimin gidan, ashe rabin tuwon da yake ci daga wannan lissafi na ka yake fitowa. Ba a ji ya sake yin gorin ba.

Dokar hana fitar dare ita ma ta ba shi kashi. A ƙarshen Maris ƙarfe bakwai a Yamai daidai take da faɗuwar rana, kuma lokacin bazara ne, zafi na wuce awo 40, ɗaka ba ta shiguwa sai tsakar dare. Mutanen da suka saba shimfiɗa tabarma ƙofar gida su sha iska, an ce su shige tun kaji ba su gama hawa ba. Gari ya cika da labarin waɗanda suka sha kulki. Wata ranar ya fita sayen maganinsa na hawan jini, ya tsaya hira da mai goro, bai ankara ba sai ya ga titi ya yi fayau, ga fitilar mota tana karyo kwana. Mutumin da gwiwa ke hana ma ruku'u sosai, ranar nan gudu ya yi. Ya faɗa zauren farko da ya samu a buɗe, takalmi ɗaya ya zauna a waje. Gida biyar ne tsakaninsa da nasa, amma masu gidan suka rantse ba zai fita ba. Ya kwana a zaure tare da samari bakwai, kafaɗa da kafaɗa, jikarsa kuwa ta kwana kuka tana zaton an tafi da shi. Da safe ya rubuta: "Dokar da aka yi don a raba mu, ita ta haɗa ni kwana da mutum bakwai. Laifin hirata ne." Takalmin bai sake ganinsa ba.

Takunkumi da goro

Cikin watan Afrilu aka wajabta rufe baki da hanci a Yamai. Teloli suka samu kasuwa, kowane guntun atamfa ya zama kuɗi. Dattijon ya ƙi sunan kafin ya ƙi abin. A ƙauyensu, in ji shi, raƙumi mai cizo da ɗan maraƙin da ake yayewa su ake sa ma takunkumi. Da ƙyar jikar ta shawo kansa da wani fari ƙal da tela ya ɗinka. Ya sa, sai tabarau ya yi hazo, ya yi tuntuɓe da buta. Ya cire tabarau, sai ya gaida wani baƙo da sunan surukinsa.

Babbar fitinar ta zo ran da ya jefa goro baki ya mai da takunkumi ya manta. Sabo turken wawa: ya juya gefe ya tofar yadda ya yi shekara hamsin yana yi. Yana shiga gida jikar ta ga farin ƙyalle ya yi ja, ta ƙwala ihu cewa Kaka na aman jini. Kafin ya kwance igiyar da ta sarƙe da kunnen tabarau, mata sun cika tsakar gida, amma kowace ta tsaya nesa, wani yaro kuma ya fara danna lamba 15, wadda aka ba jama'a domin kiran ma'aikatan lafiya. Da gaskiya ta fito aka yi dariya har da hawaye. Shi ma ya yi. Sai dai da dare abin da ya rubuta ba na dariya ba ne: "Yau na ga yadda za a tsaya mini in ciwon ne. Daga nesa."

Wannan tsoro shi ne ciwo na biyu da ya kama garin. Mutum na tari sai ya ɓoye, kada a ce korona ce a ɗauke shi, maƙwabta su ƙaurace ma gidansa. Wasu kuma suka ce ciwon ma babu shi, ko kuwa na Turawa ne da manyan ma'aikata masu hawa jirgi. Dattijon bai bi ko ɗaya ba. Ya ga agana da idonsa tun yana yaro, ya ga amai da gudawa, ya ga sanƙarau na 1995 da ya kwashe dubban mutane a ƙasar nan, ya ga na 2015 da ya sa aka rufe makarantun Yamai. Abin da ya ɗaure mashi kai shi ne waɗancan duka yara suka fi ɗauka, tsofaffi na haƙa kabari. Wannan kuwa ta biyo ta ɗayan gefen.

Masallaci a rufe

Duk waɗannan masu sauƙi ne in an gwada da rufe masallatai. Tun zuwansa Bukoki sahun farko yake salla, wurinsa sananne ne, dama da liman, jikin ginshiƙi. Sai ga ladan na kira, yana ƙarawa da cewa kowa ya yi salla a gidansa. Ran Juma'ar farko ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya fesa turare, sa'an nan ya tuna. Ya zauna bakin gado da rigar har la'asar.

Mutane da yawa ba su haƙura ba. Suna cewa ga kasuwar Katako cike, ga Wadata ana turereniya, don me sai ɗakin Allah za a sa ma kwaɗo? Tambaya ce mai nauyi, kuma amsar da ake bayarwa, cewa in an rufe kasuwa yunwa za ta riga ciwo kisa, ba kowa ta gamsar ba. Dab da azumi rikici ya tashi a unguwanni, musamman Lazare, matasa suka ƙona tayoyi suka tare hanyoyi. Tsakanin 17 da 19 ga Afrilu an kama fiye da mutum 100. Bayan haka hukuma ta sassauta, aka mai da dokar dare daga ƙarfe 9 zuwa 5 na asuba.

Dattijon ya ji zafin da matasan suka ji, amma bai ga abin da hayaƙin taya zai buɗe ba. Ya tuna abin da malamai ke karantarwa, cewa Manzon Allah ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana na ciki fita, kuma Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba a can. Ya ji a rediyo cewa an dakatar da Umra, filin ɗawafi ya zama wayam. Ya ce in an iya rufe wancan, na Bukoki ba zai fi shi ba. Azumin bana, in ji littafin, shi ne liman, jikarsa ce mamu, kuma sau biyu ta gyara mashi karatu.

Cikin azumin ne ya yi rashin da har yau bai daina ambato ba. Yana da aboki Bafillace, tsohon mai sayar da dabbobi, wanda suka yi shekara talatin suna dara ƙarƙashin bedi guda. Ba'are da Bafillace taubasai ne, saboda haka gaisuwarsu zagi ce: wannan ya ce bawana, wancan ya ce kai ne nawa. Abokin yana da ciwon suga. Da jikinsa ya rikice ya ƙi zuwa asibiti, don kada a ce korona ce a raba shi da iyalinsa. Kwana shida ya yi kwance. Ba a gwada shi ba, kuma har aka rufe shi a maƙabartar Yantala ba wanda zai iya cewa ga abin da ya kashe shi. Mutane kaɗan suka raka gawa. Ƴaƴan dattijon suka hana shi zuwa, ba a yi zaman makoki ba, ta salula ya yi ta'aziyya, kuɗin kiran kuma suka ƙare yana tsakiyar addu'a. A shafin ranar kalma biyar ce kawai: "Bawana ya tafi bai sallame ni ba" ya fara rubutawa, sa'an nan ya soke, ya bar "Allah ya jiƙan abokina, amin."

Kwanaki kaɗan bayan haka, ran 3 ga Mayu, ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar ya rasu, aka kuma sanar cewa korona ce. Masu cewa babu ciwon suka rage murya, ko da yake wasunsu sun ce ai dā ma sun faɗa, na manya ne.

Ran Laraba 13 ga Mayu aka buɗe masallatai da majami'u, aka ɗage dokar dare. Ran 15 aka buɗe hanyoyin Yamai. Ran Lahadi 17 uwargida ta sauka tasha da ƙullin kuka da kaji biyu, bayan kwana 52. Bai je tarbo ba, don kada a ce ya ƙosa, amma tun hantsi yake zaune a zaure. Da ta shigo ta dubi tukwane ta dubi akuya, ta ce: "Malam, haka kuka mai da gidan?" Ya miƙa mata shafuka uku da kuɗinta ƙulle a leda. Ta ƙirga, ta ce saura dala goma na matar mai faci. Haka ne kuwa.

Kujerar Makka

Akwai wani lissafi a bayan littafin wanda ya girmi korona da shekara goma sha ɗaya. Kuɗin hajji ne, jikka biyar yau, jikka goma gobe, da abin da ƴaƴa ke ƙarawa. A farkon 2020 ya cika, ya zuba. Cikin watan Yuni Saudiyya ta sanar cewa hajjin shekarar na mazauna ƙasarta ne kaɗai, su ma ƴan ƙalilan. Ya ce Allah ya kai mu baɗi.

Kafin baɗi sai ruwa ya zo. Daminar 2020 kogin Kwara ya yi cikar da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, wajen mita 7 a farkon Satumba. Ruwa ya fasa madatsa ya shiga Lamorde da wasu unguwannin Harobanda, hayin gada. Gidan ƙasa na babban ɗansa ya zauna. Ɗan da matarsa da yara biyar suka kwaso abin da ya saura suka taho Bukoki, mutum goma sha huɗu cikin ɗaki uku, rediyo kuwa na ta gargaɗi a bar tazarar mita guda tsakanin mutum da mutum. Dattijon ya kwana uku yana juyi. Ran na huɗu ya je ya karɓo kashi ɗaya cikin uku na kuɗin Makka ya ba ɗan ya sayi siminti. Ɗan ya ce: "Baba, ba zan iya karɓa ba." Ya ce: "Ba kai na ba ba, jikokina na ba."

Ran 29 ga Maris na 2021 aka fara allurar rigakafi a Nijar, da allura 400.000 da ƙasar Sin ta bayar, aka sa ma'aikatan lafiya da tsofaffi a gaba. Jita-jita ta riga allurar isa unguwa: tana hana haihuwa, tana kashe mutum bayan shekara biyu. Dattijon ya ce ta farko ba ta shafe shi ba, ta biyu kuwa wanda ya kai shekarunsa in aka ba shi tabbacin shekara biyu ai riba ya ci. Ya naɗe hannun riga ya nuna ma samari tabon lambar agana da aka yi mashi a ƙauye wajen ƙarshen shekarun 1960, lokacin da ma'aikata ke bi gari gari da wata na'ura mai kama da bindiga. A lokacin ma, in ji shi, an gudu an ɓuya cikin rumbu, ga shi yau yaro bai san agana ba sai a bakin kaka. Ya je ya yi layi ya karɓa. Hannu ya yi tsami kwana biyu, ya samu dalilin hana kowa aikensa.

Hajjin 2021 ma mazauna Saudiyya aka bar ma, mutum dubu 60. A 2022 aka buɗe ma baƙi, mutum miliyan guda, amma da sharaɗin kada maniyyaci ya kai shekara 65. Kuɗi sun sake cika, allura ta samu, sai ga katin ɗan ƙasa ya tsaya mashi a hanya. Ya fito da shi ya daɗe yana duban "wajen 1947". Malamin da ya rubuta wannan shekara, in ji shi, duban fuskarsa kawai ya yi ya yanke, bai tambayi kowa ba. Da ya san abin da ke gaba da ya roƙe shi ya duba da kyau. Aka yi dariya a zaure. Uwargida ce kaɗai ta lura bai taɓa tuwon dare ba.

Bisa ƙidayar hukuma, waɗanda gwaji ya tabbatar sun kamu a Nijar ba su kai dubu 10 ba, waɗanda suka rasu kuwa ɗari uku da ƴan kai ne. Adadi ne ƙarami in an dubi Faransa ko Amurka, kuma masana na ganin ƙuruciyar jama'ar ƙasar na cikin dalilai. Amma gwaji bai kai ko'ina ba, kuma irin su Bafillacen gindin bedi ba su cikin lissafin kowa.

A 2023 Saudiyya ta janye sharaɗin shekaru. Ran 5 ga Mayu na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa korona ta daina zama lalurar gaggawa ta duniya. Wannan labari bai shiga littafin dattijon ba. Abin da ke shafin makon shi ne cikon kuɗin kujera, domin ta ƙara tsada, da sunan telan da zai ɗinka mashi jakar tafiya. Cikin watan Yuni ya tashi daga filin jirgin sama na Diori Hamani yana da shekara 76 bisa kati. Ya dawo da dabino da zamzam da tari irin na alhazai, wanda wannan karo ba wanda ya guje ma. Kofi na farko na zamzam gidan abokinsa ya aika da shi.

Farin takunkumin yana nan. Jan goro bai fita ba duk da wanki, Hajiya ta gaba, kamar yadda yake kiran uwargida yanzu, da shi take sauke murfin tukunya.